Gasasshen wake don taron gashin nama: wane wake ya dace, kuma me zai maye gurbin naman alade?

Maman Hanifa, Houston

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani girki da aka ɗora mini. Bayan Babbar Sallah jama'ar masallacinmu za su fita filin shaƙatawa don gashin nama, kuma da aka zo rabon aiki sai aka ce ni zan kawo gasasshen wake, irin wanda Amurkawa ba sa zaman cin gasasshen nama sai da shi. Ana sa ran mutum 40 ko fiye, kuma a cikinsu akwai haifaffun ƙasar nan da suka san ɗanɗanonsa tun suna yara, don haka ba na son in kai abin da za a ci don kara kawai. Na duba na gwangwani a kanti, na tarar da yawa daga cikinsu an rubuta cewa akwai naman alade, wanda babu naman kuma zaƙinsa ya yi mini yawa. Ina son in san irin waken da zan saya da yawansa, da abin da zai tsaya a madadin naman aladen, sannan ko zai yiwu in dafa tun ana gobe taron. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Goggo, Boston

Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan girki na yankin da nake zaune ne, har ana yi wa garin Boston laƙabi da garin wake. Tun ƙarni na 17 Kiristocin da suka zauna a nan ba sa girki ranar Lahadi saboda ibada, sai su ɗora tukunyar wake ranar Asabar ta kwana a cikin murhun bulo mai ɗumi, su ci da daddare su kuma ci washegari. Abin da ke ba shi launi da zaƙi shi ne molasis, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari, wanda a da jiragen ruwa suka riƙa kawowa Boston daga tsibiran Karebiyan. Yawansa a garin ya kai ga a watan Janairun 1919 wani ƙaton tankinsa ya fashe, ya malale unguwa, mutum 21 suka rasa rayukansu.

Waken da za ki nema shi ne ƙananan fararen nan da ake rubuta wa navy a jikin leda. Don mutum 40, tunda ga nama ga sauran abinci, kilo 2 na busasshe ya isa, wato fam 4 da rabi a awon nan. Ki tsince shi, ki jiƙa da daddare a ruwa mai yawa da ɗan gishiri, da safe ki zubar da ruwan ki ɗora shi a sabon ruwa, babu komai a ciki. Idan ya tafasa ki rage wuta ya riƙa dahuwa a hankali. Alamar da tsofaffin nan suke bi ita ce a ɗebo ƙwaya biyar ko shida a cokali a hura musu iska da baki. Idan ɓawon ya tsage ya nannaɗe, to lokacin sauke shi ya yi. Ni nakan ƙara da latsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, in ga ta murƙushe ba tare da tsakiyarta ta yi tauri ba. Ki tsane shi, amma kada ki zubar da wannan ruwa na biyu, domin da shi za ki yi romon.

A kowane rabin kilo na wake ki sa babbar albasa ɗaya, molasis kashi ɗaya bisa uku na kofi, jan sukari babban cokali biyu, garin mastad ƙaramin cokali biyu, gishiri da masoro, da nama mai kitse kamar giram 150. Ki guji molasis ɗin nan mafi baƙi na tafasa ta uku, yana da ɗaci. Ki zuba komai a tukunya mai nauyi da murfi, ki ƙara ruwan dahuwar har ya ɗan haura kan waken, ki sa a obin mai zafin digiri 150, wato 300 a ma'aunin Amurka, na awa uku zuwa huɗu. Duk bayan awa ɗaya ki leƙa, in saman ya fara bushewa ki ƙara ruwan zafi kaɗan. A minti 40 na ƙarshe ki cire murfin don saman ya yi duhu, romon ya kama jikinsa.

Baban Sadik, Kano

Hajiya, ranki ya daɗe, na karanta bayaninki da kyau, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wakenmu na gida, Nijar na biye da ita, kuma duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau ya san abin da nake faɗa. Maman Hanifa tana iya samun irinsa a shagunan 'yan Afirka da ke Houston. Me zai hana ta yi da shi, ta nuna wa baƙinta abinmu? Na biyu kuma, a gafarce ni, ni har yanzu ban gane hikimar zuba sukari a wake ba. Wanda muka sani a nan shi ne na gwangwani da ake barbaɗawa a kan salak ranar biki, kuma ko shi nakan ture shi gefe ne in ci kabeji da ƙwai.

Maman Ilham, Manchester

Baban Sadik, wanda kake turewa a salak da wanda Hajiya ta bayyana ba abu ɗaya ba ne, duk da cewa sunansu ɗaya kuma wakensu ɗaya. Wanda ake sayarwa a Najeriya samfurin Ingila ne: ruwan tumatir mai launin lemo, babu nama, babu hayaƙi, kuma a cikin gwangwanin ake turara shi, bai taɓa ganin obin ba. Kamfanin Heinz yana da babbar masana'antarsa kusa da Wigan, ba nisa da mu, kuma busasshen waken daga Arewacin Amurka ake shigo da shi. Turawan Ingila da safe suke cinsa a kan gasasshen burodi ko da ƙwai. Na Amurka kuwa baƙi-baƙi ne, mai kauri, kuma an yi shi ne don ya zauna kusa da nama mai gishiri da hayaƙi. Idan aka ci shi shi kaɗai zaƙin yana iya gundurar mutum, amma a gefen gasasshen haƙarƙari sai ka ga ya zauna daidai.

Malama Uwani, Zariya

Ina koyar da ilimin abinci, kuma ina ganin tambayar Baban Sadik ta farko tana da amsa a kimiyyance. Wakenmu da waken navy ba jinsi ɗaya ba ne. Namu ɓawonsa siriri ne, yana nuna cikin minti 40 zuwa awa ɗaya, kuma da ya nuna sai ya fara fashewa, shi ya sa ya dace da fate da wake da shinkafa. Nasu ɓawonsa ya fi ƙwari, yana jure doguwar dahuwa. Idan aka ɗauki namu aka bi da shi ta awa huɗun da Hajiya ta faɗa bayan an riga an dafa shi, abin da za a sauke fate ne mai zaƙi.

Sai dai akwai wata ƙa'ida da ke aiki a kan kowane wake, kuma ita ce ginshiƙin wannan girki gaba ɗaya. Tsami, da sukari, da sinadarin kalsiyam, duk suna hana wake saurin laushi, domin suna ƙarfafa abin da ke riƙe ƙwayoyin jikinsa da juna. Molasis yana ɗauke da duka ukun. Wannan ne dalilin da ya sa waken Boston ke kwana a wuta bai dagargaje ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa wadda ta zuba tumatir ko molasis a kan ɗanyen wake za ta yini tana ƙara ruwa, waken yana nan da taurinsa. Kanwa kishiyar haka take yi: tana sa shi narkewa da wuri. Saboda haka laushin da kike so dole ki same shi kafin ki zuba kayan zaƙi da na tsami, domin bayan an zuba su ɗan abin da zai ƙaru kaɗan ne. Da wannan ƙa'idar ana iya yi da wakenmu, in dai an sauke shi daga tafasar farko da ɗan saura, aka kuma rage lokacin gashin zuwa awa ɗaya da rabi ko biyu.

Anti Ladi, Kaduna

Malama ta faɗi gaskiya, kuma ni da wakenmu nake yi. Sana'ata girkin biki da walima, kuma akwai iyalan da suka zauna a waje da sukan nemi a haɗa musu shi idan za su yi gashi a gida. Ba na samun waken navy a farashin da zai fitar da ni, molasis kuma sai an sha yawo, don haka farin wake manya nake saya, sabon girbi, wanda ƙwari ba su huda ba, kuma ba na jiƙa shi ya kwana, wankewa kawai nake yi. A madadin molasis mazarƙwaila nake sa, irin wadda ake kawowa daga wajen Maƙarfi, ina zaɓar mai duhu. Nakan fasa ta in narkar a ɗan ruwan zafi in tace saboda yashi da ɓurɓushin rake, in haɗa da ruwan tsamiya kaɗan da tumatirin gwangwani cokali biyu.

Obin ɗina ba ya ɗaukar girkin mutum 50, saboda haka da gawayi nake yi. Ina soya kitsen sa da albasa a babbar tukunyar ƙarfe har albasar ta yi ja, in juye waken da romon, in rufe. Sai in kwashe yawancin garwashin da ke ƙasa in bar kaɗan wanda toka ta lulluɓe, sauran kuma in jera su a kan murfin. Wutar sama ita ce ke ba shi duhun nan na gashi, ta ƙasa kuwa in ta yi yawa sai ya kama, kuma ƙanzon abin da ke da sukari ɗaci yake yi, ya bi tukunyar duka. Idan kika kasa kunne kika ji yana ɓararraka, wutar ta yi yawa. Abin da ake so shi ne ƙwal, ƙwal, jefi-jefi. Ba na juya shi da ludayi, sai dai in kama hannuwan tukunyar da tsumma in girgiza ta a hankali.

Hajiya Goggo, Boston

Ladi, dabararki ta garwashi a kan murfi ta burge ni, kuma ba ki yi nisa da abin da ake yi a jihar Maine ba. Can masu saran katako a daji rami suke haƙawa, su ƙona itace a ciki har ya zama garwashi, su binne tukunyar wake ta kwana, kuma har yau ana yin haka a bukukuwansu. Amma a kan mazarƙwaila ina da ja. Na ɗanɗana ta na kuma ɗanɗana molasis, mazarƙwaila ta fi zaƙi kuma ba ta da ɗan ɗaci-ɗacin nan da ke hana girkin zama alewa. Wadda take Kaduna tana da uzuri. Maman Hanifa kuwa kowane kanti ta shiga za ta samu molasis da waken navy da araha, kuma ta gaya mana cewa waɗanda za ta ciyar sun san asalin abin. A ganina ta fara yin na asali tukuna, in ya so daga baya ta yi nata gyare-gyaren.

Anti Ladi, Kaduna

Hajiya, ban musa ba, shi ya sa nake ƙona kashi ɗaya bisa huɗu na mazarƙwailar a busasshiyar tukunya har ta fara hayaƙi kafin in zuba ruwa. Ɗacin da kike nema daga nan yake fitowa. Amma na yarda wadda ke da molasis a hannu ba ta buƙatar wannan wahalar.

Baban Yusra, Kansas City

Ba a taɓa batun naman sosai ba, kuma a nan garinmu shi ne kan gaba. Naman alade abu uku yake kawowa a wannan girki: kitse, gishiri, da ƙamshin hayaƙi idan ƙyafaffe ne. Duk abin da ya haɗa ukun nan zai tsaya a madadinsa. A Kansas City ma masu gashi da yawa gefen ƙirjin sa da ya ƙone a wuta suke yayyankawa su zuba a wake, ka ga ke nan ba lallai sai alade ba ko a wurinsu. Shagunan halal suna sayar da ƙyafaffen naman sa mai kitse da aka yanka siri-siri, da cinyar talotalo ƙyafaffiya. Cinyar tana da hayaƙi sosai amma ba ta da maiƙo, don haka a ƙara mata kitse ko man shanu. Tunda bayan Sallah ne, kitsen rago ba zai yi wuya ba, sai dai a yi hattara da yawansa, domin yana saurin daskarewa a baki idan abinci ya huce, ƙamshinsa kuma yana danne komai.

Abin da nake yi shi ne, in an gama dafa waken a gida, a wurin gashi sai in juye shi a faranti mai zurfi in ajiye shi a ƙarƙashin wayar da naman ke kai, gefen da babu garwashi, in rufe murhun. Maiƙon naman yana ɗiga a ciki, hayaƙin yana shiga, cikin awa ɗaya ya zama wani abu daban. Sharaɗin shi ne naman da ke sama ya gasu sosai kuma waken ya ci gaba da tafasa, kada a ɗora ɗanyar kaza a kansa dab da saukewa. Sannan duk mai son ƙara miyar gashi ta kwalba ya karanta abin da aka rubuta a jiki, domin wasu ana zuba musu giya don ƙamshi, kuma sukan rubuta hakan ɓaro-ɓaro a gaban kwalbar.

Maman Hanifa, Houston

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na yanke shawarar bin awon Hajiya da ƙyafaffen naman sa. Sai dai kilo 2 ba zai shiga tukunyata ta obin ba. Ina da tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, babba, kuma ina da ragowar jan wake mai siffar ƙoda kusan rabin kilo. Shin zan iya jiƙa su duka in zuba a cikinta da daddare, in tashi da safe in tarar ya nuna?

Malama Uwani, Zariya

Maman Hanifa, don Allah kada ki yi haka. Jan waken nan mai siffar ƙoda yana ɗauke da wani sinadari mai guba da ke sa amai da gudawa cikin 'yan awanni, kuma ƙwaya kaɗan da ba su dahu ba sun isa su kwantar da mutum. Tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi, aƙalla minti 10 ruwan yana ɓararraka, wasu hukumomin lafiya ma minti 30 suke cewa. Tukunyar lantarkin nan idan tana kan ƙaramar wuta ba lallai ta kai zafin tafasa ba, sai waken ya yi laushi gubar tana nan. Waken navy ma danginsa ne, nasa dai bai kai haka yawa ba. Saboda haka kowanne ki tafasa shi a kan murhu tukuna, daga nan ki juye a tukunyar lantarkin. Kuma kada ki haɗa su a tafasar farko, domin jan ya fi girma, lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne.

Ki kuma sani cewa wannan tukunyar ba ta barin ruwa ya fita, don haka romon ba zai yi kauri da kansa ba. Ki rage ruwan da za ki zuba, a awa ta ƙarshe ki ɗage murfin, ko ki murƙushe ludayi ɗaya na waken ki mayar ciki.

Maman Ilham, Manchester

Ko kuma ki raba shi biyu a manyan farantan foyil masu zurfi da ake sayarwa don taro, ki rufe su da takardar foyil sosai, ki sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a cikin obin, ki sauya musu wuri a tsakiyar gashin. Ki ɗora kowanne a kan tiren ƙarfe, domin farantin foyil cike da wake mai zafi yana lanƙwashewa idan aka ɗaga shi.

Anti Nas, Abuja

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna a wannan zance shi ne tsakanin saukewa da ci. An tambaya ko za a iya dafawa ana gobe, amsar ita ce e, har ya fi daɗi idan ya kwana, amma da sharaɗi. Kada a ɗauki ƙatuwar tukunya da zafinta a tura firij, kada kuma a bar ta a kan murhu ta kwana, domin tsakiyarta takan daɗe da ɗumi, kuma a wannan ɗumin ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A juye shi a kwanuka marasa zurfi ya sha iska, a sa a firij kafin awa biyu ta cika. Washegari a ɗumama shi har ya tafasa ko'ina, ba gefe-gefe kawai ba, a ƙara ruwan zafi tunda zai shanye romonsa cikin dare.

A wurin taron ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32 to awa ɗaya ce, kuma Houston a lokacin zafi takan wuce haka. Ko dai ya zauna a gefen garwashi yadda Baban Yusra ya ce, zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 60 ba, ko a zuba a manyan kuloli a riƙa ɗebowa kaɗan-kaɗan. Abin da ya yini a kan tebur yara suna buɗewa suna rufewa, kada a kwaso shi a ce za a ci gobe. Wanda ya rage a firij kuwa yana kai kwana uku zuwa huɗu.

Baban Sadik, Kano

To, na ji bayanin Malama a kan bambancin waken, kuma na karɓa. Batun sukari dai ina nan a kan bakana har sai na ɗanɗana. Anti Ladi, tunda ke kike yi wa mutanenmu, shin ba kya sa attaruhu ko yajin tsire a ciki? Ina ganin idan aka ajiye wa Bakano wake babu yaji kusa da balangu, zai ɗauka mantuwa aka yi.

Anti Ladi, Kaduna

Ina sa attaruhu, Alhaji, amma guda biyu kacal a babbar tukunya, kuma ba na jajjaga su. Huda su nake yi da wuƙa in jefa, in tsame kafin a kai gaban mutane, sai ƙamshin ya shiga ba tare da zafin ya hana yara ci ba. Nakan kuma rage mazarƙwailar zuwa rabin abin da Hajiya ta auna na molasis, in sa daddawa ƙwaya ɗaya da aka daka, wadda ba wanda ke gane tana ciki sai dai a ce romon ya yi daɗi. Yajin tsire kuwa ba ya shiga tukunya, domin ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana shanye romon ya sa shi yin dunƙule-dunƙule. A ƙaramin kwano nake ajiye shi a gefe, mai so ya barbaɗa a farantinsa. Maman Hanifa ma tana iya yin haka da faranti ɗaya daga cikin biyun, ta manna 'yar takarda a jiki don a san wanne ne mai attaruhu.